Ramin Da Ke Kan Hanya: Wa Za A Tambaya Ranar Gobe?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbansa, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda kowa ke takawa da ƙafarsa kullum, amma ba safai a kan kawo ta zauren karatu ba. Mas'alar ita ce: mutumin da aka danƙa wa dukiyar jama'a, bai ɗauki ko anini ya sa aljihu ba, amma ya zura ido har dukiyar ta lalace a hannunsa, shin ya ci amana ko bai ci ba? In kuwa ya ci, to, wane ne shi a cikinmu?

Dukiyar da mu ke nufi a nan ita ce hanyoyin mota, da gadoji, da layin dogo, da tashoshi, watau abubuwan da ƙasa ta gina domin jama'a su kai kansu da kayansu inda su ke so. Kowa ya san sunan wanda ya fasa baitulmali da dare, kowa kuma ya san hukuncinsa. Amma wanda ya bar gada ta ruɓe har ta faɗa da mutane, yawancinmu ba mu da sunan da mu ke kiransa da shi. Sai mu ce aikin gwamnati ne, mu kewaye ramin, mu wuce.

Abin da muka gada

Mu fara da jirgin ƙasa, domin labarinsa ya fi fitowa fili. A shekarar 1896 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya isa Ibadan a 1901. A nan Arewa kuma aka taso da wani daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911, sa'an nan aka haɗa biyun suka zama ɗaya a 1912. Bayan haka layi ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, daga bisani ya shiga Maiduguri a 1964, har tsawon dogon ƙasar nan ya kai kilomita 3,505. Mafi yawansa Turawan mulki ne suka sa aka gina, domin kwasar gyaɗa da auduga da kuza zuwa bakin teku, ba don ƙaunarmu ba. Amma fa da gumin kakanninmu aka yi shi, daga kuɗin ƙasar nan aka biya, kuma ran 1 ga Oktoba, 1960, ya zama namu halak malak.

To, yaya muka riƙe shi? A shekarar 1964 reluwe ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Kafin shekarar 2003 fasinja sun komo kimanin miliyan 1.6, kaya kuwa tun wajen 2000 sun faɗi ƙasa da tan 100,000, alhali yawan mutanen Nijeriya ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin nan. Gaskiya ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya taɓa layin Gabas, amma layin Ikko zuwa Kano ba bom ne ya kashe shi ba. Da kaɗan da kaɗan ya mutu. Ruwa ya kwashe tsakuwar da ke riƙe da dogo, aka ce sai baɗi. Kan jirgi ya tsaya don rashin wani ɗan ƙarfe, aka kwance na wani aka sa masa, sai biyu suka zama ɗaya. Taragu suka jeru a tasha har ciyawa ta fito a cikinsu. Ba wata rana guda da za a nuna a ce yau aka kashe reluwe, ba kuma wani mutum guda da za a kama. Wannan shi ne abin tsoro a cikin sakaci: laifi ne wanda ba ya da ranar aikatawa.

Da jirgi ya kwanta, sai kayan da ya ke ɗauka suka hau kwalta. Siminti, da man fetur, da taki, da shanu, da hatsi, duka suka koma kan tireloli da tankoki, a kan hanyoyin da ba a gina su don wannan nauyi ba. Injiniyoyi sun auna wannan al'amari tun a wani babban gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960, suka gano cewa in aka ninka nauyin da ke kan jeri ɗaya na tayoyin mota sau biyu, ɓarnar da ya ke yi wa hanya ba sau biyu ta ke ƙaruwa ba, kusan sau 16 ne. Watau tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima tana cin hanya fiye da ƙananan motoci dubbai.

Babban abokin gāban kwalta kuwa shi ne ruwa. Rana ta kan gasa ta har ta yi 'yar tsaga wadda allura ce kaɗai za ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Damina ta zo, ruwa ya ratsa tsagar, ya jiƙa ƙasar da aka daɓe a ƙarƙashi, babbar mota ta bi ta kai, wurin ya lotsa. Bana ramin kamar faifai, baɗi kamar tabarma, baɗin baɗaɗa motoci sun bar kwalta sun yi tasu hanya a gefe. In da an toshe tsagar da ɗan ƙaro tun ranar farko, an kuma yashe magudanar ruwa, da zance ya ƙare. Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a 1988 inda ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi hasarar hanyoyi na kimanin Dala miliyan dubu 45, alhali gyaran da bai kai na Dala miliyan dubu 12 ba, in da an yi shi a kan kari, da ya hana wannan hasara.

Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe. Duk mai gidan ƙasa ya san cewa kafin saukar ruwa sai a yi yaɓe, a duba azara, a gyara indararo. Wanda ya ƙi sayen kwandon ƙasa bana, shi zai sayi ginin ɗaki baɗi, in ma Allah Ya sa ɗakin bai faɗa wa 'ya'yansa ba. Ganuwar biranenmu ma da aikin gayya a ke ɗaga ta, unguwa unguwa, kowa da yankinsa. Abin mamaki shi ne hikimar da mu ke aiki da ita a cikin gidajenmu, da zarar mun fito ƙofar gida sai mu ajiye ta.

Ƙoƙarin da aka yi

Adalci ne a faɗi cewa gwamnatocin ƙasar nan ba su naɗe hannu ba. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya tun 1955. Da al'amura suka taɓarɓare, aka ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, jirage suka ɗan farfaɗo, suna tafiya kuma aka koma gidan jiya. A 1995 aka ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyaran layin. A ƙarshen 2012 jirgin Ikko zuwa Kano ya sāke tashi bayan dogon kwanciya. Daga nan aka buɗe sababbin layuka masu fāɗi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, bayan an fara aikin tun 1987, da Ikko zuwa Ibadan a 2021. A 2021 ɗin kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi.

Ta wajen hanyoyin mota, an kafa Asusun Rarar Man Fetur, watau PTF, a 1994, ya gyara hanyoyi masu yawa kafin a rufe shi a 1999. A 2002 aka kafa hukumar FERMA musamman domin gyaran hanyoyin tarayya, waɗanda tsawonsu ya kai kimanin kilomita 35,000. A 2007 aka gyara dokarta, aka ce a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin fetur da gas domin gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi ga ita hukumar, kashi 60 ga jihohi. A 2017 kuma gwamnatin tarayya ta sayar da takardun Sukuk na farko, na Naira miliyan dubu 100, hanyar tara kuɗi wadda ba riba a cikinta, aka zuba su a ayyukan hanya 25 a sassa shida na ƙasar nan. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan da kyakkyawar niyya, Allah ba Ya tozarta ladansa.

Amma in mai karatu ya sāke duba jerin nan, zai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mu kan gina, mu bari ya mutu, mu sāke ginawa. Babbar hanyar Ikko zuwa Ibadan an buɗe ta a 1978, kafin 2013 ta lalace har sai da aka fara sāke ta ɗungum, aikin da ya ci fiye da shekara goma. Shingayen karɓar kuɗin hanya, waɗanda aka ce don gyara aka yi su, an rushe su daga ƙarshen 2003, bayan an daɗe ana kukan cewa kuɗin ba ya isa inda aka nufa. Kashi 5 ɗin nan na dokar 2007 kuwa, shekaru suka yi ta shuɗewa ba a aiwatar da shi yadda doka ta tsara ba. Ga hukumar gyara an kafa, amma abin gyaran sai ta jira ragowar kasafin kuɗi.

Me ya sa haka? Allah ne kaɗai Ya san abin da ke cikin zukata, amma a zahiri sabon aiki yana da abin da gyara ba ya da shi. Sabuwar hanya tana da ranar buɗewa, da makaɗa, da allon da aka rubuta sunan mai girma. Leburan da ya yashe kwalbati a tsakiyar daji, gadar da ya tsirar ba wanda zai san an tsirar da ita, domin ba ta faɗi ba. Ladan gyara a wurin mutane shi ne kada kome ya faru, shi kuwa abin da bai faru ba, ba a yi masa biki. Saboda haka gyara na daga cikin ayyukan da suka fi nisa da riya, shi ya sa kuma ya ke da nauyi a kan zuciyar da ke son yabo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Da wuya a sami abin da ya dace da wannan siffa kamar gyaran hanya.

Matsayin hanya a Shari'a

Musulunci bai ɗauki hanya da wasa ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa imani rassa ne saba'in da 'yan kai, mafi ƙanƙantarsu shi ne kawar da abin cutarwa daga hanya. Ya tabbata kuma cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya janye daga inda mutane ke wucewa. An hana yin bayan gida a kan hanya, an gaya wa masu zama a bakinta cewa tana da hakki a kansu, har ma an yanka fāɗinta, kamu bakwai, idan mutane suka yi jayayya a kai. To, in janye ƙaya guda na jawo gafara, yaya matsayin wanda aka ba albashi da ofis da mota domin ya toshe ramin da ke kifar da motar fasinja, ya ƙi?

Wani zai ce, ai shi bai haƙa ramin ba. A nan ne malaman fiƙihu suka yi magana mai zurfi a kan ko barin abu yana iya zama daidai da aikata shi. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun kawo misalai. Mai bangon da ya karkata kan hanya, aka yi masa gargaɗi, ya sami damar gyarawa bai gyara ba, har bangon ya faɗa wa mai wucewa, to, lamuni yana kansa. Mai rarar ruwa ko abinci da ya hana wanda ke cikin matsanancin hali har ya mutu, shi ma ba ya kuɓuta. Wanda ya ga dukiyar ɗan'uwansa za ta halaka, yana da ikon tsirar da ita, ya wuce, sun ce zai biya. Hadisi kuma ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. A duk waɗannan ba a ɗaga wuƙa ba. Sani, da iko, da bari, su uku in suka haɗu a kan mutum, hannunsa bai fita ba.

Akwai kuma wata ƙa'ida a babin waƙafi, watau hubusi, wadda ta cancanci a rataye ta a ƙofar kowace ma'aikatar ayyuka. Idan mutum ya yi hubusin gida ko gona domin miskinai, malamai sun ce abin da za a fara cirewa daga amfaninsa shi ne kuɗin gyaransa, kafin miskini ko ɗaya ya sami rabo. Har ma sun ce in mai hubusin ya yi sharaɗi cewa kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi nasa. Dalili kuwa a fili ya ke: manufar hubusi ita ce amfani ya ɗore, in aka cinye amfanin bana aka bar tushen ya rushe, an zalunci miskinan baɗi waɗanda ba su nan balle su yi magana. Hanyar jama'a ta yi kama da hubusi ƙwarai. Ba mai sayar da ita, ba mai gadonta, kuma masu hakki a cikinta har da waɗanda ba a haifa ba. Gwamnati mai kula ce kawai. Mai kulan da ya bar rufin gidan hubusi yana yoyo, ya tafi aza harsashin wani gida domin a rubuta sunansa, alƙali tuɓe shi ya ke yi.

Magabata sun fahimci haka a sha'anin mulki. Alƙali Abu Yusufa, a cikin Kitabul Haraji da ya rubuta wa Halifa Harunar Rashidu, ya dora yasar manyan koguna da gyaran madatsan Dijla da Furatu a kan baitulmali, ya kuma yi gargaɗi kada a ba da wannan aiki sai ga amintacce. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin abin da ya hau kan shugaba. Ana kuma ba da labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa yana Madina yana tsoron kada dabba ta yi tuntuɓe a Iraƙi Allah Ya tambaye shi don me bai daidaita mata hanya ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i, ya umurce mu da mayar da amana ga masu ita, a Suratun Nahli kuma ya tsoratar da masu warware rantsuwa da misalin matar da ke warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Duk mai riƙe da babban muƙami a ƙasar nan sai da ya yi rantsuwa kafin ya zauna.

Hanzarin da a kan kawo

Hanzari na farko shi ne babu kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, gama ƙasar na da fāɗi, bukatu kuma sun yi yawa, ga asibiti ga makaranta ga tsaro, kuma Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma lissafin da muka kawo a sama ya nuna cewa matalauci ne ya fi bukatar gyara, domin shi ne ba ya da halin sayen abu sau biyu. Wanda ya ce ba ya da Naira ɗaya ta toshe tsaga, shi ne zai je ya ciwo bashin Naira uku ko huɗu ya sāke ginin. Mafi muni kuma, hanyar ta mutu bashin yana da rai, 'ya'yanmu su biya kuɗin abin da ba su taka ba. Sukuk ya tsarkake hanyar samun kuɗi daga riba, madalla, amma tsarkin kuɗi ba ya hana ruwa shiga tsaga.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi. Akwai garuruwan da har yau ba su ga kwalta ba, mai naƙuda a kan amalanke a ke kai ta asibiti. Shin adalci ne a ce su jira sai an gama lallaɓa hanyoyin waɗanda suka riga suka samu? A'a, suna da hakki, kuma ba wanda ya ce a daina gini. Abin da a ke cewa shi ne kada a aza harsashin abin da ba a tanadi kuɗin riƙonsa ba. Kilomita 50 da za su rayu shekara 30 sun fi wa talaka amfani a kan kilomita 200 da damina biyar za ta cinye. Ba mutumin ƙauye hanyar da za ta mutu kafin yaron da aka haifa ranar buɗe ta ya shiga makaranta, yaudara ce da sunan kyauta.

Hanzari na uku shi ne ƙaddara. Mota ta faɗa rami, mutum goma sun rasu, sai a ce kwanansu ne ya ƙare. Haƙiƙa kwanansu ya ƙare, ba Musulmin da ke shakkar haka. Amma wanda ɗan fashi ya harbe shi ma kwanansa ne ya ƙare, ba a kuwa sallami ɗan fashin saboda haka ba. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba mafaka ba ce ga wanda ya yi sakaci. An umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar kuma, da ya juya da jama'a daga Sham saboda annoba aka ce ko gudun ƙaddara ya ke yi, ya amsa da cewa daga wata ƙaddarar Allah su ke gudu zuwa wata. Toshe ramin ma ƙaddara ce, mu ne muka ƙi zaɓenta.

To, wa za a tambaya?

Shugaba ne farko, domin kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, garken shugaba kuwa ya fi na kowa girma. Bayansa ɗan majalisar da ya soke kuɗin gyara ya mayar da su ga sabon aiki a mazaɓarsa. Sai injiniyan da ya sa hannu cewa kaurin kwalta ya cika alhali ya san bai cika ba, da ɗan kwangilar da ya rage siminti. Wannan tauye mudu ne, ko da ba a kasuwar hatsi aka yi shi ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Attajirin da ya ɗora wa motarsa lodin mota biyu domin ya rage kuɗin mai, ribarsa daga jikin hanyar jama'a ya yanke ta. Ma'aikacin da aka sa awon nauyin motoci ya karɓi na goro ya ɗaga hannu, abokin tarayyarsa ne. Mai gidan da ke juye shara a magudanar ruwa, da mai fasa kwalta ya ja famfo ya bar wurin a buɗe, da mai tura rumfarsa cikin titi, da matasan da ke ƙona taya a kan kwalta in sun yi fushi, da mai kwance ƙarfen gada ko kusoshin dogo ya kai wa 'yan gwangwan, da wanda ya saya yana sane, kowannensu ya ɗauki rabonsa na ramin nan. Masu cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne su tuna da bawan nan da kibiya ta kashe bayan yaƙin Haibara, mutane suna yi masa murnar Aljanna, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Wanda ya cuci mutum ɗaya yana iya zuwa ya nemi gafararsa. Wanda ya cuci mutum miliyan 200, ƙofar wa zai fara ƙwanƙwasawa?

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Mai riƙon amana ya fara da sanin abin da ke hannunsa: kowace hanya, da kowace gada, da kowane kwalbati a rubuta shekarunsa da halin da ya ke ciki da ranar da aka duba shi, kamar yadda wakilin marayu ke rubuta dukiyarsu. Kuɗin gyara a fitar da shi tun farko, bisa ƙa'idar hubusi, a ajiye inda ba mai taɓa shi, a kuma riƙa shelanta wa jama'a abin da ya shiga da inda aka kashe. Kaya masu nauyi a mayar da su kan dogo, inda ya dace da su. Mu kuma talakawa, in mai neman ƙuri'a ya zo yana lissafa abin da zai gina, mu tambaye shi abin da ya tarar, yaya ya bar shi. Limamanmu su sa wannan a huɗuba kafin damina, masu unguwanni su farfaɗo da gayyar yasar magudanai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Zubaida, matar Harunar Rashidu, ta bar ayyuka biyu da sunanta. Ɗaya hanyar alhazai ce daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, da rijiyoyi da tafkuna da masaukai. Da tsaro ya lalace, masu kula suka watse, sai yashi ya rufe ta, yau masu binciken tarihi ne ke ziyartar kufanta. Ɗayan kuwa magudanar ruwa ce da ta jawo zuwa Arfa da Makka, wadda ta shayar da alhazai fiye da shekara 1,000, domin duk sa'ad da ta toshe a kan sami wanda ya yashe ta, har da babban gyaran da Daular Usmaniyya ta yi mata a ƙarni na 16. Mace ɗaya, niyya ɗaya, amma sadakar da ta daɗe tana gudana ita ce wadda ta sami masu gyara. Yawancinsu ba a san sunayensu ba a duniya, suna nan kuwa rubuce a wurin da ba a mantuwa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon taimakonsu a kan gaskiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.